Ranar da Baba Ya Shanye Ƙarshen Labarinsa

Daga bakin ganuwa har mashayar kogi, duk Haɗejiya an san ni da abu guda: idan na ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama ɗan maraƙi, kafin la'asar ya tunkuyi mutum har an kai shi gida a kan ƙyaure. Ni ban ɗauki wannan ƙarya ba. Labari tsirara yake zuwa, ni kuwa riga nake ɗinka masa. Kaka, wato uwar mahaifina, ta ce ba laifina ba ne, gado na yi, don Baba ma aikinsa ke nan, sai dai shi da tawada yake tasa.

Asalin sana'ar Baba juyar littattafai ce. Malamai su kawo tsohon littafi, ya rubuta musu sabo, da wani hannu mai kyau wanda ko makaho ya shafa sai ya yi salati. Kafin a haife ni ya bi fatake kudu har bakin Kwara, ya dawo da ciwon gwiwa da wasu 'yan takardun Larabci da wani Banasare ya ba shi, masu ba da labarin Almasihu yadda Nasara suke faɗarsa. Sallarsa bai bari ba, azuminsa bai bari ba. Amma magana ɗaya a cikin takardun nan ta maƙale masa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro, wai mutum ya ƙaunaci wanda ya cuce shi. Baba kuwa yana da wanda ya cuce shi. A shekarun yaƙe-yaƙe mahara sun kashe ƙanensa a gonar shinkafa wajen Auyo, shi Baba yana ɓoye cikin ciyawa yana kallo, har fuskar mai mashin ya gani.

Limamin unguwarmu abokinsa ne tun suna yara, kuma a kan wannan magana suka tsufa suna gardama a zaurenmu.

"Malam," in ji Liman, "yafiya ai muna da ita, kuma ta fi ramuwa lada. Me kuma kake tono?"

"Yafiya na iya, Liman. Ka yafe wa mutum, in ka hango shi ka sauya hanya. Ƙaunar ce ta gagare ni. Ta ina ake kama ta?"

"Ta wutsiya, kamar tarwaɗa. Miƙo goron nan."

Da fari wa'azi Baba ya riƙa rubutawa a kan maganar, yana karanta wa mutane bayan la'asar. Wa'azin nan, wallahi, da ana sayar da shi a kasuwa da masu rashin barci sun yi layi har Kaugama. Na taɓa ganin jaki ya tsaya a ƙofar zaure, ya saurara kaɗan, ya kwanta. Da Baba ya ga haka sai ya koma ƙaga labari. Ya rubuta na gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin busasshen tabo duk rani, a ɗauka ya mutu, ruwan farko ya sauka ya tashi. Shi tashin matattu yake nufi. Masu sauraro kuwa suka watse kowa yana marmarin miyar gaiwa. Ya rubuta na wata bazawara mai ciyar da matafiya ba ta tambayar asalinsu. Bayan kwana biyu wani mutum ya taso tun daga Jahun da goro a ƙunshe, wai a nuna masa gidanta. Baba ya ce babu ita, shi ya ƙaga ta.

"Malam, tawada ka ɗauka ka rubuta matar da babu?" in ji mutumin. Ya tashi yana innalillahi, ya manta goronsa. Ni na tuna masa da shi, bayan na cinye.

Kaka ba ta taɓa son wannan aiki ba. Ta ce tatsuniya ta tsofaffin mata ce, kuma ba a yin ta da rana, mai yi ɓata yake yi. Balle a zuba ta a takarda, abin da ake taɓawa da alwala.

Akwai labari ɗaya da ya fi duk sauran, wanda Baba ya fara tun ina rarrafe. Wani masunci ne aka kashe wa ɗan'uwa. Shekaru suka wuce, kogi ya yi ambaliya, yana kwance bisa gorarsa, babbar ƙwaryar nan da masunta ke hawa su shiga ruwa, sai ya hango mutum yana nutsewa. Ya matsa, ya ga fuskar, ya gane ta. Nan Baba ya tsaya. Duk ƙarshen da ya rubuta sai ya soke. In masunci ya ceci mutumin, Baba ya ce ƙarya ce, shi ya san zuciyar mutum. In ya bar shi ya nutse, Baba ya ce to me ya sa aka ɓata takarda. Shekara da shekaru masuncin nan yana kan gora, mutumin nan yana shan ruwa. Na ce da a gaske ne da ya shanye kogin har an shuka gero a ciki.

Kullum shawarata ɗaya ce.

"Baba, a sa kada."

"Kada ka sa min kada."

"To dorina."

"Tashi ka ba akuya ruwa."

Daminar bara ruwa ya zo da fushi. Fadama ta zama teku, hanyoyi suka yanke, fataken da ke kawo takarda ta wajen Barno ba su iso ba. Takardar Baba ta ƙare, ya cike gefen kowace tsohuwa har babu inda ƙuda zai sauka. A daidai wannan lokaci, don shi labari ba ya da kunya, ƙarshen ya zo masa. Sai ya bi unguwa yana aron alluna. Ya kwashe namu, ya kwashe na Liman har yaran makaranta suka koma rubutu a ƙasa da tsinke. Ya shige zaure yana rubutu gaba da baya, yana jingina alluna a bango kamar ana shanyar kifi. Ya hana kowa karantawa sai an sami takarda ya juye.

Ga abin da ya kamata a sani. Tawadar takarda da bagaruwa ake haɗa ta, in ta kama ta kama. Ta allo kuwa gawayi ne da ƙaro, don a wanke aka yi ta. Yawun akuya ma ya ishe ta.

Wata safiya Baba ya fito tsakar gida, idanu jajur, yana dariya. "Na kamo ta," ya ce. "Ashe a hannu take, ba a ƙirji ba." Ba wanda ya gane. Kafin rana ta take yana rawar ɗari a cikin bargo.

Masassarar nan ba irin wadda muka saba ba ce. Jikinsa in ka ɗora ƙwai zai dahu, wannan kam ban ƙara komai ba. An jiƙa saiwoyi, an yi turare, Inna, mahaifiyata, ta yi ta kunun da ba ya wucewa. Liman ya zo da kansa ya yi rubutu a ɗan allon da ya ɓoye wa Baba, aka wanke aka ba shi, ya yi addu'a har gemunsa ya jiƙe. Baba bai san wanda ke kansa ba. Yana ta kiran ƙanensa, yana cewa ya sunkuya, ya sunkuya.

Ni da Kaka ba ma haɗuwa sai da tsiya. Ita ta ce min mijin banza wanda ko ƙosai bai taɓa kawowa ba, ni in ce mata amaryar da haƙoranta suka riga ta tafiya ɗaki. Da hantsin wata rana ta same ni a zaure, ba ta ce mijin banza ba.

"Kwaso allunan nan," ta ce.

"A yi me da su, Kaka?"

"A wanke a ba shi."

"Kaka, ba aya ba ce! Labari ne, na masunci. Kifi ne a ciki da gora."

"Na sani. Ni na haife shi, ina kallo ya zauna yana tsiyaye kansa cikin katako har ya ƙare. Abin da ya fita daga cikinsa shi za a mayar."

"Babu shi a ko'ina sai nan. In kin wanke ya tafi. Tun ina rarrafe yake nemansa."

"Ni tun kafin ya yi rarrafe nake riƙe da shi." Muryarta ba ta ko girgiza ba. "Ka zaɓa, katako ko ubanka."

Na faɗi na kama ƙafarta. Na ce ni zan rubuta masa wani, ayoyi masu kyau. Ta ce rubutuna ko akuya ta sha sai ta fara ƙarya. Daga ƙarshe ta ce ta ba ni zuwa kiran la'asar, in yi duk haukan da zan yi.

Na yi shi kuwa. Na ɗauki gawayi na hau juya allon farko a bangon zaure, bangon ya sha damina, gawayin yana nutsewa cikin laka kamar ƙafar saniya. Na gwada bayan ƙwarya, tawada ta dunƙule ta gangare. Na gwada buzun salla, gashi ya cinye haruffan. Na rubuta layi biyu a cinyata, gumi ya kwashe su zuwa ƙauri. Na ruga gidan Liman cikin ruwa iya gwiwa, na ce ya taimake ni da takarda ko da faɗin tafin hannu. Ya buɗe gafakarsa ta littattafai ya nuna min: babu fara ko ɗaya.

"Haddace shi," ya ce. "Kai ai kanka na ja, abin da ka ji sau biyu ya zauna." Sai ya tsaya ya dube ni sosai, ya tuna wanda yake magana da shi. "Kai ne fa. To. Allah ya kiyaye labarin."

Na komo na jera allunan na hau karatu, hawaye na rufe min ido, ina sharewa da gefen riga don kada su ɗiga a kan tawada. Ƙarshen nan, da na gan shi, ba shi da ko ado. Masunci ya cafki wuyan rigar mutumin, ya ɗora shi bisa gora, shi ya sauka ruwa yana turawa har tudu. Ya hura wuta, ya gasa kifi. Ya zauna yana jiran ƙauna ta sauko masa a ƙirji, ba ta sauko ba. Ya ba mutumin tsakiyar kifin, shi ya ɗauki kai. Mutumin ya ce, ka gane ni? Masunci ya ce, na gane ka, ci da zafinsa. Shi ke nan. Shekarun nan duka, a kan kan kifi suka tsaya.

Na karanta har na ji ya zauna. Sai na zaga bayan gida don in gwada kaina, na sami akuyarmu a ƙarƙashin rumfa na hau biya mata. Biyawar farko lafiya lau, ko dai haka na zata. A ta biyu na ji kada yana bin gorar. A ta uku kadan ya yi aure ya haihu, dorina ta taso ta gefen hagu, kifin da aka gasa ya kai tsawon kwalekwale, mutane suna zuwa daga ƙauyuka suna yanka. Ban yi niyya ba, na rantse. Bakina ne yake yi shi kaɗai, kamar kare ya ga ƙashi. Na mari kaina. Na sake farawa, sai ga dorina biyu. Akuya ta daina tuƙa tana kallona.

Tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya kama ni. Duk garin nan, a ce a bakina za a ajiye wannan abu! Gara a ba kura ajiyar tsire. Na ruga zaure in sake duba allunan, in ware nawa da na Baba.

Rabinsu babu. La'asar ba ta yi ba, amma numfashin Baba ya sauya, yana ja kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, Kaka ba ta jira ba. Na same ta a tsugune bakin ɗaki da babbar ƙwarya, tana zuba ruwa bisa allo tana murzawa da tafin hannu. Ina kallo gora ta narke, masunci ya narke, suka gangara baƙi ƙirin. Na buɗe baki in yi ihu, sai na ji numfashin nan daga ciki. Na koma zaure na kwaso sauran da hannuna na kawo mata.

Ni na tallafi kansa. Inna ta buɗe bakinsa, Kaka ta riƙa ɗura masa da ludayi tana bisimilla. Wani ya wuce, wani ya zubo ta gefen baki ya ɓata min riga. Rigar tana nan, na hana a wanke, wataƙila maganar da ta fi kowace ce a jikinta.

Daga wannan rana na kulle bakina. Na yanke hukunci a raina: duk abin da ke da haƙori ko ya wuce kima a cikin labarin nan nawa ne, in cire shi. Na kori dorinai, na kori kada da iyalinsa, na mayar da kifi daidai cikin mutum biyu. Abin da ya rage na riƙe shi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike a kan santsi. Ba na hira, ba na tsokanar kowa, don na lura in na yi ƙari a wani labarin sai ya yi tsalle ya faɗo cikin wannan. Maƙwabta suka fara zuwa dubiya ta biyu, wai yaron ma ya kamu. Mai ƙosan bakin hanya ta ce unguwa ta yi shiru kamar an yi ƙaura. Ni dai ina zaune ƙofar ɗaki, ina biyawa a zuci, ina sauraron guga yana hawa yana sauka. Ban san wanda zai riga tafiya ba, Baba ko labarin.

Kwanaki suka shuɗe a haka. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ya buɗe ido ya nemi ruwa da sunansa. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Da ya sha, abin da ya fara tambaya allunansa.

Kaka ce ta gyara zama ta ce, "Ka shanye su."

Ya motsa harshe a baki. "Shi ya sa," ya ce, "nake jin ɗaci." Ya rufe ido, na ga goshinsa yana tattaruwa, yana lalube a cikin kansa. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. "Babu. Na san na fito tsakar gida ina dariya. Ban san abin da na gani ba."

"Yana wurina, Baba," na ce. Muryata ta fito kamar ta tsohon ƙyaure.

Ya juyo ya dube ni, ya dubi Kaka, ya sake dubana. "Wurinka? La haula. Dorina nawa?"

"Ko ɗaya."

Na durƙusa na biya masa. Ban ɗaga murya ba, ban yi nuni da hannu ba, gumi yana bin bayana kamar ina noma. Wuyan riga, gora, tudu, wuta, jiran da ba a ga komai ba, tsakiya da kai. Da na kai ci da zafinsa na yi shiru. Inna tana kuka a bakin ƙofa. Baba yana gyaɗa kai a hankali, kamar mai jin muryar ɗan'uwa daga bayan katanga.

"Shi ne," ya ce. "Shi ne wannan." Sai ya ɓata fuska. "Amma ina kadan?"

"Wane kada, Baba? Na cire shi. Nawa ne."

"Wa ya ce ka cire? Ni na sa shi. Yanzu da ka faɗa na gan shi." Ya tsaya ya huta. "Yana can baya, ido kawai a kan ruwa, yana tahowa. Shekarun nan duk na bar masuncin yana tunani a kan gora, mai tunani kuwa ba zai miƙa hannu ba. Da ya hango kada, ina lokacin tunani? Sai ya ga hannunsa ya riga shi. Kai ka ba ni shi, ɗan nema. Kullum a sa kada, a sa kada."

Da ƙyar na ce, "Girmansa fa?"

"Kamar taɓarya."

"Ta Kaka, ko irin ta gidan biki?"

"Ta Kaka." Ya ɗaga yatsa. "Guda ɗaya. Kada ka ƙara."

Hannun nan bai sake riƙe alƙalami ba. Ya ɗan yi kwanaki yana zama a jingine, Liman yana zuwa suna ci gaba da gardamarsu a hankali, sannan masassarar ta dawo, wannan karon ba ta tsaya ciniki ba. Ruwa bai gama janyewa daga fadama ba muka kai shi makwancinsa. Ana fara yankan shinkafa fatake suka shigo gari da takarda fara sol, har ina jin haushin farinta.

Ranar da zan juye ƙarshen, na jiƙa bagaruwa, na fiƙe alƙalaminsa, na shiga madafa na ɗauko taɓaryar Kaka na kwantar da ita a gabana cikin zaure. Ina rubutu ina kallonta. Da na iso wurin kadan hannuna ya fara ƙaiƙayi, yana so ya ƙara masa ko da kamu ɗaya a wutsiya. Na danne shi da gwiwa har ya lafa.

Ina cikin haka Kaka ta leƙo, gero a ƙwarya.

"Kai, mijin banza, ina taɓaryata?"

"Tana aiki, amarya. Awon kada nake yi."

Ta dubi taɓaryar, ta dubi takardar da ba ta iya karantawa. Na ɗauka za ta rafka min ita a baya. Sai ta ajiye ƙwaryar, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce in na gama in karanta mata tun daga farko, ko da rana ce.